Tokar da Muka Zuba wa Furen Uwar Kafili

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Bani Malik, can ƙasar Larabawa, maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana aikin lambu a wani gida a unguwar Safa. Ni ban iya rubutu ba, jikata ce ke rubutawa. In kuka ya zo mini sai ta jira.

Gidan na kafilinsa ne, wato Balaraben da ya tsaya mana a ƙasar. Uwar kafilin tana da wata shuka a tukunya, kameliya, ganyenta kamar an shafa mai. Marigayi mijinta ne ya kawo mata daga Sham. Maigidana manomi ne tun a gida, sai ya ga ya kyautata wa shukar. Ya karɓi tokar gawayi a wurina ya barbaɗa a gindinta, yadda muke yi wa gona. Ni ma har da danna masa gwangwanin ya cika.

Ba a jima ba sabon ganye ya koma rawaya, jijiyoyin kaɗai ke kore. Tsohuwar ta ce, "Ya Hajji, in ta mutu, halas, zance ya ƙare." Iƙamarmu kuwa, wato takardar izinin zamanmu, a hannun ɗanta take.

Na ce, "Malam, ƙara mata ruwa mana."

Ya ce, "Ke komai ruwa! Mai ƙishi langaɓewa yake. Wannan a tsaye take, ci ne ya gagare ta."

Ya tsinki ganye ya kai wa wani mai sayar da shuke-shuke. Ya dawo yana girgiza kai. "Ashe ni ne ciwon. Ƙasa mai tsami take so, toka kuwa kashe tsami take yi."

Na ce, "To ka yi shiru, wa ya gan ka?"

Ya ce, "Ganyen ya gan ni."

Da kansa ya je ya gaya mata. Ta ce, "Yalla, gyara."

Ya sauya ƙasar, ya janye tukunyar zuwa inuwa. Ya daina ba ta ruwan famfo, don shi ma kashe tsami yake yi, sai wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Kullum yana juya ganye ɗaya-ɗaya, in ya ga ƙwari sun manne a bayan ganyen ya goge da auduga da ruwan sabulu. Ni kuma aka ɗora mini tara ganyen shayin da aka gama sha, in shanya, ya zuba a gindinta don ƙasar ta ƙara tsami. Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, talaucin har ya kai nan?"

Da sanyi ya shigo, sabon toho ya fito kore shar, da fure ɗaya ja. Ya kai ni na gani. Na shinshina na ce, "Duk wahalar nan, ko ƙamshi babu?" Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. A gidan ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare.

Ban taɓa ganin mai haƙuri da gaskiya irinsa ba. Yau ba shi, ni kuma ba ni da ko shuka ɗaya. Amma in na gama shan shayi, hannuna ba ya iya zubar da ganyen. Sai in shanya shi a bakin taga.