Bakin Mma Asiatu da Tukunyar Raɓa

Ku gyara zama. Wannan ba ta gizo ba ce, ta wata dattijuwa ce a Salaga, kuma tana nan da ranta. In kun je kwa same ta a bakin ɗakin goronta, aswaki a baki, tana harare-harare.

Mma Asiatu jikar fataken goro ce. Kakanta ya sauke jakunansa a Salaga, ya sha ruwan rijiyar garin, bai sake ɗaura kaya ba. Ba ta gaji gona ba, ba ta gaji shago ba. Abin da ta gada hanci ne da baki. Hancin nan, in goro ɗaya ya fara lalacewa a tsakiyar huhu, wato ƙunshin goro cikin ganye, tun daga bakin ƙofa take jin sa. Bakin kuwa shi ne sana'ar. Goro ba ya son bushewa, ba ya son jiƙewa, tsaka-tsaki yake so kamar zaman suruki. Don haka kowace safiya sai ta goge baki tas, ta kurɓi ruwa, ta fesa wa ganyen, furrr, siriri kamar raɓa. Tun tana shekara tara kakarta ta koya mata, da ranƙwashi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ita ke kai goron buɗe tafsiri gidan Malam Abdul-Manan a Yendi, huhu uku duk azumi. Mai ɗakin Malam, Hajiya Amamatu, ita ke karɓa, kuma ba ta taɓa kwance ganye don ta duba ba. Har magana ake yi a gidan: goron Asiatu ba a fasa shi don a gani, sai don a ci. Wannan maganar ita ce dukiyar Mma. Ba ta da wata.

To, tana da 'ya guda, Munawara, nas ce a Bawku. Wani rani ta zo ganin gida, ta fito da safe ta tarar da uwar ta cika kumatu tana feshi. Sai ta ja da baya, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Mma, har yanzu kina wannan abin? Mutane ne fa ke ci."

"Ganye nake fesawa, ba goro ba."

"Yawu ne dai, Mma."

"Da yawun nan aka kai ki makarantar da kika koyo ƙyamarsa," in ji Mma, ta sake kurɓar ruwa.

Ba a yi wata ba sai ga saƙo daga Bawku a motar kasuwa. Kwali biyu. A babban akwai wata farar na'ura mai kamar tulu, a zuba mata ruwa a ciki, a jona wuta, ta riƙa busa tururi mai sanyi. A ƙaramin kuma wani abu ne kamar sabulun wanka, a manna shi a bango, ya riƙa nuna lamba, yana faɗin yawan laimar da ke cikin iskar ɗaki. Mijin Munawara ya zo ya haɗa su da wayar matarsa, yadda tana zaune a Bawku tana ganin lambar. Mma ta sa wa babbar suna Tukunyar Raɓa. Ƙaramin kuwa, da ta ji wai yana kai rahoto har Bawku, sai ta ce, "Ashe magulmaci ne." Sunan ya bi shi.

Munawara ta yi bayani ta waya, dalla-dalla: lambar ta tsaya wajen saba'in, a zuba ruwan leda mai tsabta, a wanke cikin tukunyar duk kwana uku. Mma ta ce to, ta lulluɓe tukunyar da tsohon zane, ta ci gaba da feshinta.

Wanda abin ya burge shi ne maigidanta, Chicha Sualihu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, ya yi ritaya, amma jan biro bai bar aljihunsa ba. Mutum ne da in ya ga lamba sai ya ba ta maki.

Ana saura wata guda azumi Munawara ta haihu. Dole uwa ta je wankan jego. Huhu uku na Yendi kuma suna ɗaki, farin goro zaɓaɓɓe, tun kaka take renonsa. Mma ta gwada koya wa Chicha feshi. Ya cika baki, ya saki, ruwan ya zubo shaa kamar akuya ta tsaya a kan ganyen.

"Bari, Malam, bari. Jona tukunyar."

Haka ta tafi Bawku, zuciyarta na ɗakin goro.

Ran kwana goma sha tara da zuwanta, da hantsi, Mma tana gasa wa jaririya cibi, sai ta lura wayar Munawara na ta walƙiya da ja a kan katifa.

"Wa ke nemanki haka?"

"Ba kowa, Mma. Abin ɗakin goro ne. Tun a asibiti na kashe masa murya, yana damuna." Ta ɗauka ta duba.

"Me magulmacin ya ce?"

"Casa'in da shida."

"Da yawa ne ko kaɗan?"

Munawara ta kira babanta, ta buɗe muryar wayar. Chicha ya ɗauka da fara'a, kamar mai jiran a tambaye shi.

"Baba, me ya sa lambar ta hau haka? Saba'in na ce."

"Saba'in? Haba Munawara. Saba'in ai makin yaro mai wasa ne. Da uwarki ta tafi arba'in da biyu na tarar, faɗuwa ƙasa warwas. Na murɗa abin har ƙarshe, na toshe taga da buhu, na sa tsumma a ƙasan ƙofa. Kwana huɗu muka haye tamanin. Ɗarin ce dai ta gagara, amma muna kai."

"Ka buɗe ɗakin kuwa, Malam?" in ji Mma, muryarta a kwance.

"In na buɗe maki na sauka. Ruwa kawai nake ƙarawa in fito da sauri."

Mma ta miƙa wa Munawara jaririyar, ta tashi ta fara naɗe zannuwanta.

Washegari ta kamo hanya. Da motar ta tsaya a tashar Yendi sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kada wani ɗan gidan Malam ya gan ta ya ce, "Mma, yaya goronmu?" Ta Bimbilla suka bi, ta isa Salaga da la'asar. Tun daga zaure hancin ya gaya mata. Ba ta ko ajiye jaka ba ta tura ƙofar ɗakin.

Wani ɗumi mai wari ya dake ta, irin na tsumman da aka manta a ƙasan randa. Bango na zufa. Tabarmar ƙasa ta yi baƙi, tana nasowa in an taka. Ganyen huhun da ta bari kore shar ya zama yauƙi, ta sa hannu ya biyo yatsunta. Ta kwance na farko. Funfuna ta yi wa goron gashi fari-fari, wani ya tsiro, wani ya yi laushi, ta danna ya fashe da baƙin ruwa. A kusurwa kuma Tukunyar Raɓa na ta busa abinta, ko a jikinta.

Ta cire wutar, ta buɗe murfin, ta leƙa. Da ma ba ta leƙa ba. Cikin ya yi gansakuka kore, santsi kamar miyar kuɓewa ta kwana uku, ga 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil, ga mataccen kyankyaso ya kumbura yana yawo a sama. Ta fita tsakar gida ta tofar da yawu sau uku.

"Wane ruwa ka riƙa zuba mata?"

"Na duro," in ji Chicha daga nesa. "Mutum bai gama shan ruwan leda ba, a ba inji? Almubazzaranci ne."

"Ka wanke ta?"

"Abin da ruwa ke ciki kullum, me za a wanke?"

Mma ta ɗauki tukunyar, ta ajiye a rana, ta ce ya kira mata Bawku, kiran da ake ganin juna. Ta kara wayar a bakin tukunyar har sai da ta ji Munawara ta ce, "Mma, ɗauke, zan yi amai."

"A'a, duba da kyau, nas. Ni bakin da kike ƙyama sau biyar nake wanke shi a yini, ban da aswaki. Wannan bakin da kika aiko ya maye gurbinsa, kwana ashirin yana tofa wa goron mutane, ko kurkure bai taɓa yi ba."

Kwana biyu ta yi a kan tabarma tana tsinta, ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta juya, ta jefa dama ko hagu. Kaji ma da suka zo wajen na hagun, tsattsaga ɗaya suka yi suka watse. Cikin huhu uku, da ƙyar ta tsira da ɗaya. Chicha, da ke ta kewaye-kewaye yana neman hanyar gyara laifi, ya ce ai akwai masu kyawun baya, in an wanke an cuɗa da sauran ba mai ganewa.

"Goro daga ciki yake ruɓewa, Malam. A bakin malamai za a gane."

Ta sake sabon ganye, ta ɗauki huhunta guda, ta kai Yendi da kanta. Ta zauna gaban Hajiya Amamatu ta faɗi abin da ya faru, ba ragi. Hajiya ta jajanta, ta yi barka da jika, ta sa aka kawo ruwa. Ta ce ba komai, za a aika Bimbilla a ciko sauran. Sannan, tana cikin magana, hannunta ya kai kan huhun. Ta kwance igiyar, ta ɗaga ganye, ta zaro ɗaya daga can ƙasa, ta fasa, ta duba cikinsa.

Lafiyayye ne, fari tas. Hajiya ta ce, "Madalla." Amma Mma ba goron take kallo ba, hannun take kallo. Shekara talatin da ɗaya, yau an fasa goronta don a gani. Ba ta sha ruwan ba, ta ce tana sauri kada mota ta tashi.

Tukunyar Raɓa ta koma Bawku a kwalinta, bayan Mma ta sa Chicha ya dirje ta da toka da soso har hannunsa ya yi fari. An ce tana ɗakin jaririya, kuma Munawara na wanke ta duk kwana uku, ba fashi. Magulmaci kuwa yana nan manne a bango, Chicha ya hana a cire. Azumin da ya biyo baya, huhu biyu gidan Malam suka ce a kawo, na ukun daga Bimbilla. Mma ta kai biyun.

Kowace safiya in ta gama feshi, sai Chicha ya leƙo ya duba bango, ya girgiza kai.

"Saba'in da ɗaya. Jiya saba'in. Ke kullum nan kike tsayawa, ba kya ƙaruwa."

Mma takan kalle shi, ta kalli abin bangon, ta ja tsaki, ta juya ta kurɓi ruwa.