Yatsan da Bai Lanƙwashe Ba

Ba zan faɗi sunana ba, don ba shi ne zai amfane ku ba. Ni ɗan maharbi ne, haifaffen Nguru, a unguwar da idan fadama ta cika kana jin kukan agwagin ruwa daga tsakar gidanmu. Mahaifina yana da bindigar toka guda ɗaya, da ita ya ciyar da mu. Mutum ne mai sanyin hali, amma a kan bindiga ba ya wasa ko kaɗan.

Kafin ya bari na taɓa ta, sai da na yi shekara guda ina bin sa daji da karan dawa a hannu. Ya ce karan nan shi ne bindigata. Duk inda muka shiga, bakinsa ƙasa zai kalla. Idan na juya na manta har bakin ya bi ta kan mutum, kai ko akuya ce, sai na ji ranƙwashi a tsakar ka. Doka ta biyu ta yatsa ce. Ɗan ali yana miƙe a jikin bindiga, ba ya zuwa wurin kunama sai ka ga abin da za ka harba, ka kuma ga abin da ke bayansa. Wata rana na gaji na ce masa ai kara ne, ba komai a ciki. Ya dube ni ya ce, "Yawancin waɗanda aka binne da harbin kuskure, da bindigar da ba komai a ciki aka kashe su." Ban sake yi masa musu ba.

Abin ya bi jikina har ban san ina yi ba. Idan mahaifiyata ta aike ni ɗauko muciya, sai na kawo ta kai a ƙasa, ɗan ali a miƙe. Ta yi ta dariya tana cewa an mayar mata da ɗa soja. A yatsan nan ne ma albarushi ya taɓa ƙona ni, ya bar mini baƙin tabo wanda har yau yana nan.

Ina da shekara goma sha tara mahaifina ya rasu, ya bar mini bindigar. Farauta ta yi wuya, sai na koma dako a kasuwar kifi. A nan na haɗu da wani da ake ce wa Gambo, mai fara'a da sakin hannu, kullum da sabuwar shadda, amma ba wanda ya san sana'arsa. Farkon abin da ya nema a wurina aron bindigar ne, wai zai kori tsuntsaye a gonar shinkafar yayansa. Bayan kwana uku ya dawo da ita, ya haɗa mini da cinyar akuya da wayar hannu. Na san tsuntsu ba ya ajiye waya a gona. Amma na ci naman, na riƙe wayar, ban tambaya ba. Daga nan na ɓata, ba daga ranar da na hau hanya ba.

Aro ya zama biyu, ya zama uku. Sai ya ce in raka shi da abokansa in tsare musu babura kawai. Sai kuma ya ce tunda ni na iya riƙe bindiga, asara ce in tsaya gadin babur. Ya sa mini wata ta zamani a hannu, irin wadda mahaifina bai taɓa gani ba. Wallahi na ji daɗin nauyinta, ba zan yi muku ƙarya ba.

Akwai wata la'asar da ba ta fita a raina. Mun tare wata mota tsakanin Jajimaji da Gashua, a inda hanya ta lalace motoci suke ratsewa ta daji. Fuskokinmu a naɗe da rawani. Aka fito da mutane aka kwantar da su rub da ciki, aka ce ni in tsaya a kansu. Wani ya zabura ya ruga cikin ƙaya, Gambo ya daka mini tsawa in harbe shi. Ba tausayi ne ya hana ni ba, kada ku ba ni wannan girman. Yatsana ne kawai ya ƙi barin inda aka koya masa zama, bakin bindigar kuma ya ƙi ɗagowa daga ƙasa. Kafin na gama kokawa da hannuna mutumin ya ɓace. A bayan motar akwai sabon injin ban ruwa a cikin kwalinsa. Ni da kaina na ɗauke shi na ɗaure a babur.

Bayan 'yan watanni aka kama ni a Nguru da bindigar zamanin nan da wasu kaya. Gambo ya tsere, har yau ban san inda ya ƙare ba. Abin da aka iya tabbatarwa a kaina riƙe makami ba izini ne da ajiye kayan sata, maganar tare hanya ba ta taso ba. Na yi shekara goma a gidan yari. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, wani maƙwabci ne ya zo ya gaya mini bayan an yi addu'ar bakwai. Wannan shi ne hukuncin da ya fi yi mini ciwo.

Da na fito na kasa zama a Nguru, kowa ya san ni. Na tafi Gashua ina neman ƙwadago a lambunan bakin kogi. Wani dattijo, Baba Modu, mai noman tattasai da albasa, ya ɗauke ni. Na gaya masa daga gidan yari nake, ban dai faɗi dalili ba. Ya ce ba sai na faɗa ba. Bayan mako guda ya ga a rumfar lambu nake kwana, sai ya kai ni gidansa ya buɗe mini wani ɗaki a soro. Ya ce na babban ɗansa ne, Bukar, wanda ya tafi kudu neman abinci da daɗewa.

Aikina feshin magani ne. Ka goya tankin a baya, ka riƙe sandar mai ɗan maƙulli da ake matsawa. Tun ranar farko hannuna ya riƙe ta kamar yadda ya saba. Sauran ma'aikata sukan nuna wa juna bakin sandar suna wasa, ni kuwa raina ɓaci yake yi. Na taɓa cafke hannun wani na danna sandarsa ƙasa da ƙarfi, har ya ce, "Kai malam, ruwa ne fa a ciki." Daga ranar suka laƙaba mini Soja, sunan da mahaifiyata take tsokanata da shi. Ba duka ɗabi'un da bindiga ta bar mini ne masu kyau ba. Ba na iya zama na ba ƙofa baya. Idan mutum ya nufo ni, hannunsa nake fara kallo kafin fuskarsa. Babur ya yi ƙara a salansa, sai na tsinci kaina a tsugune.

Wata rana da azahar muna hutawa a ƙarƙashin giginya, matar Baba ta aiko da fura. Wani ya tambayi Baba me ya kori Bukar daga gari, alhali ga lambu. Baba ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya ba da labari. Ya ce wata shekara shi da Bukar sun tattara abin da suke da shi sun sayo sabon inji a Nguru, 'yan fashi suka tare su bayan Jajimaji suka ɗauke shi. A ranin nan tattasai ya bushe a tsaye. Bukar ya yi zuciya ya tafi, tun yana aiko da saƙo har ya daina.

Na ajiye ludayina. Ashe ɗakin da nake kwana a ciki, ni na fitar da mai shi.

Kwana huɗu ina ɗaure kayana ina kwancewa. Idan na faɗa, yana iya miƙa ni ga hukuma, kuma wannan laifin ba irin wanda ake fitowa ba ne. Idan na gudu, na sake yi masa sata, wannan karon na sace masa amana. A rana ta biyar da safe na same shi shi kaɗai yana buɗe wa albasa ruwa. Na ajiye tankin, na durƙusa a cikin laka, na ce, "Baba, injinka ni na ɗauka. Ni ne wanda ya tsaya a kanku."

Bai juyo da wuri ba. Ya gama toshe kwamin da fartanya, ya wanke hannunsa, sannan ya ce na miƙo hannuna na dama. Ya kama ɗan alina ya shafa baƙin tabon da babban yatsansa.

"Na sani tun ranar da ka fara goya tankin nan," in ji shi. "Ranar fashin ina kwance fuskata a ƙasa, ba abin da nake hange sai hannunka. Bukar ne ya ruga. Da aka ce ka harbe shi, yatsan nan na zuba wa ido ina roƙon Allah kada ya lanƙwashe. Ko fuskar uwar Bukar ban taɓa kallo kamar yadda na kalli yatsan nan ba. Yaya zan manta shi?"

Na tambaye shi, cikin kuka, me ya sa ya ba ni ɗakin ɗansa bayan ya gane ni. Ya ce, "Ka raba ni da shi, gaskiya ne. Amma ɗa a kudu ana sa ran dawowarsa, na kabari fa? Na so ka faɗa da bakinka, ka kuma faɗa. Tashi, rana tana yi, maganin nan ba zai fesa kansa ba."

Yau shekarata huɗu a wurinsa. Har yanzu a ɗakin nake, amma tabarmata a gefe ɗaya take, ban taɓa hawa gadon Bukar ba. Duk Juma'a nakan kakkaɓe shi in gyara shimfiɗa. Duk direban da zai yi kudu nakan ba shi sunan Bukar da kamanninsa. Baba ya yafe mini, sai dai ni ban gama da kaina ba sai ranar da mai ɗakin ya dawo ya ce in fita.

Ku matasa, ga abin da nake so ku ɗauka. Idan aka ba ku abin da ba ku san daga inda ya fito ba, ku tambaya, ko da cinyar akuya ce. Kada ku ara wa kowa abin da ke kashewa. Kuma kada ku raina ƙananan abubuwan da iyayenku suke nanata muku har kuna gajiya, don ranar da hankali ya gudu, abin da jiki ya saba shi ne yake tsayawa. Ni a duk jikina yatsa ɗaya ne ya ji maganar mahaifina, sauran duk suka bi Gambo. Yatsan nan kaɗai ya bar wa wani dattijo ɗansa a raye, ya bar mini ƙofar tuba. Ku kada ku tsaya a yatsa ɗaya.