Ranar da Na Binne Laya Cikin Inji

Kafin wani ya riga ni faɗi, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai furfura, wanda ya leƙa firamare har ya iya rubuta sunanshi ba tare da ya fiddo harshe ba.

Shekarar nan albasa ta yi mini kyau a fadama, ƙasan madatsar Goronyo. Na cika rudu, rumfar karan da muke ajiye ta, sai zafin bazara ya fara dafa ta daga ƙasa. Kowace safiya sai na tsince ruɓaɓɓu. Ba abin da zai cece ta sai a kwashe zuwa kasuwa, ga a-kori-kurata kwance a garejin Wurno, injinta a buɗe. Ta yi zafi ne a hanya har tof ya lanƙwashe. Tof shi ne murfin ƙarfen da ke rufe kan inji, mai ɗauke da bawul.

Bakaniken taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ba ma gaisawa sai da zagi. Ya kai tof Sakkwato anka kankare fuskarshi, ya dawo da shi yana ƙyalli sai ka ce tiren amarya. Na kai hannu zan shafa, ya buge mini yatsa.

"Kauce, tsoho! Ko ƙwayar yashi ta hau nan, aiki ya ɓaci. Kai da hannunka ke warin taki."

"Ni da na yi boko?"

"Bokon da anka kore ka don satar rake?"

To, a aljihuna akwai laya. Hanyar wajen Shinaka ta lalace, kowa ya san masu bindiga na tare motoci, shi ya sa na roƙi malamin unguwarmu taimako. Ya ba ni ita ɗinke cikin baƙar fata, da ɗan zoben ƙarfe na rataya. Ya ce in sa ta inda ido ba ya gani.

Taubashi ya goge saman inji, ya shimfiɗa sabon gasket, faifan da ke shiga tsakanin inji da tof, sai anka kira la'asar. Ya rufe da tsumma ya tafi alwala. Ni kuwa na tsaya ina nazari irin na masu ilimi. Mu nan, in za a gina ɗaki, a tushe ake binne laya kafin a ɗora bango. In rumbu ne, ƙasa ake sa ta kafin a zuba gero. Ga inji a buɗe, ramukan fistin na kallona, ana shirin rufe su da ƙarfe. Ina wurin da ya fi wannan ɓoyo? Na ɗaga tsumma, na jefa ta ramin can baya, wanda fistin ɗinshi ya sauka ƙasa cikin duhu. Na bi sahun salla zuciyata fes.

Da munka dawo, ni ma na kama mishi tof munka sauke a hankali. Ya shafa wa kusoshi baƙin mai, ya fara ɗaurewa daga tsakiya, wannan gefe, wancan gefe, kaɗan-kaɗan, yana fita zuwa baki, sannan ya sake zagayowa. Ya juya injin da hannu, ya ɗan cije. Ya yamutsa fuska, ya ce sabon ringin fistin ne, haka yake da tauri. Na gyaɗa kai kamar na sani.

Sai da hantsi washegari ya gama haɗa sauran. Masu shayi da 'yan kabu-kabu sunka taru kallo. Ya murɗa makulli.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kamar an jefa galma cikin injin niƙa. Ƙaf! Ƙaf! Ƙaf! Motar ta girgiza, ta yi tari, ta mutu. Kajin da ke kiwo gindin bango sunka watse. Taubashi ya daskare, hannunshi kan makulli, bakinshi buɗe. Ni kuwa na zauna bisa tsohuwar taya ina salati.

Abin mamaki, ko kaɗan laya ba ta faɗo mini a rai ba. Laya ai tsari ce. Sai na miƙe na hau shi da faɗa gaban jama'a, na ce ya kashe mini mota, ya kashe mini albasa, gara ya koma facin keke. Shi kuwa ya ɗauki sifana, ya warware duk abin da ya ɗaura.

Da anka ɗaga tof, kowa ya leƙa. Bawul ya lanƙwashe kamar lauje. Fuskar nan mai ƙyalli ta yi rami. Kan fistin kuwa ga wani baƙin abu a manne, ya baje kamar kilishi, da guntun zobe a nutse cikin ƙarfe. Ya ɓamɓaro shi da wuƙa, ya shinshina, ya ga ɗinki.

"Wagga hwata ta," in ji shi. "Mi yak kawo hwata cikin inji?"

Ya ɗago ya dube ni. Mai shayi ya dube ni. Ni kuma na dubi sama, na ce kamar hadari na haɗuwa, alhali ko gajimare babu.

Tof bai sake gyaruwa ba, sai da anka nemo wani. Kafin ya iso, fiye da rabin rudu ya zama ruwa, warin har gidan maƙwabta. Haushi ya kai ni zauren malam, na ajiye mishi ragowar fatar bisa buzu.

"Allah shi gafarta malam, ga aikinka. Mota ta mutu, albasa ta ruɓe, ko kasuwa ba mu leƙa ba."

Ya juya ta da tsinke, ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, mi kac ce in yi maka?"

"Tsari, kada a tare ta a hanya."

"To, an tare ta?"