Baba da Hanyar Katagum

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a Azare, ina zana wa yara koguna da alli, ina gaya musu cewa mulki ba ya son zama inda mota ba ta zuwa. Misalina kullum garinmu ne, Katagum. Katagum ce ta ba masarauta suna, amma da titi ya bi ta Azare sai gadon sarauta ya bi shi, kasuwa ta bi, babban asibiti ma nan ya sauka. Mu aka bar mu da suna da kogi.

Baba bai taɓa yafe wa titin nan ba. A wurinsa Azare zango ce da ta yi ƙiba. Ko da hawan jini ya kama shi, likita ya ce a riƙa kawo shi a kai a kai, cewa ya yi shi ba ya kwana a garin baƙi.

Daminar da ruwa ya cinye hanya, maganinsa ya ƙare. Ga ni a Azare da ƙwayoyi a aljihu, ina safa da marwa tsakanin gida da tasha, direbobi na cewa sai dai kwalekwale, shi ma in an dace. A aji kuwa darasin Nijar muke yi, ƙasar da ba ta da teku, wadda in maƙwabta suka rufe iyaka sai magani ya yi wuya har a Yamai. Bakina na bayani, idona na kan waya.

Da ruwa ya ɗan ja na isa Katagum. Na tarar ƙafafunsa sun kumbura, rediyo manne a kunne. Wannan karon ban yi lallashi ba. Na ce in bai biyo ni ba, ba ni da tabbacin magani zai riƙa isowa.

Ya ajiye rediyon.

"To, Malam, ashe kai ne mai bakin teku, ni ne Nijar," in ji shi. "Naɗe mini buzuna."

Yanzu yana ɗakin da ke kusa da zaure a gidana. Jini ya sauka, kumburi ya saɓe. Sai dai ƙunshin kayansa na nan a ɗaure bayan ƙofa, kuma duk ɗan acaɓan da ya tsaya a ƙofar gida sai ya sha tambaya kan hanyar arewa, ta Katagum.

Rani ya shigo, hanya ta bushe tuni. Bai ce zai tafi ba, ni ma ban tambaya ba. Amma in ina aji na ji mota ta nufi arewa, sai alli ya tsaya a hannuna har ƙararta ta ɓace.