Gonar Jikana da Na Sa Aka Share

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan ƙuruciya sai na yi ta lalube kafin su zo. Amma abin da ya faru tsakanina da jikana a kan wata 'yar na'urar wasa, wannan kam ina jin da shi za a kai ni makwanci.

Mu manoma ne a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba ka da wurin jefa dutse sai ya faɗa a shukar wani. Har yanzu gandu muke yi a gidana: babbar gona ta kowa ce, ni ke faɗin abin da za a shuka, kuma duk abin da ke iya aiki, garma ko jaki, na gandu ne. Sai dai kowane yaro da ya tasa ana yankar masa gayauna, ɗan filinsa na kansa, ya shuka abin da ya ga dama.

Jikan nan nawa bai taɓa samun gayauna ba, domin da ciwon sikila aka haife shi. Ruwan sama ya taɓa shi ko sanyi ya buge shi, sai ciwon ya tashi, ƙasusuwansa su riƙa yi masa kamar ana sara. Da damina sa'o'insa su saɓi fartanya su wuce, shi yana zaune a zaure yana bin su da ido. Mahaifinsa, ɗana da ke gyaran waya a birni, shi ya kawo masa na'urar, wadda wani ya yi amfani da ita ya sayar. Ana riƙe ta da hannu biyu, gilashi a tsakiya, maɓallai a gefe da gefe. A cikin wasannin da ke ciki yaron ya zaɓi na noma. Ya share fili, ya yi shuka, ya tara kaji, har da shanu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, yana nan yana gina gonar.

Ni da shi wasan kaka da jika muke yi, ba ya raga mini.

"Tsoho, zo ka ga kabewata," in ji shi. "Tunda kake noma ka taɓa fitar da irin wannan?"

"To, Sarkin Noma, a tsinko mana ɗaya mu kai wa kakarka ta yi mana taushe."

"Matata ce, ni zan kai mata. Kai je ka ji da harawarka."

Na sha gani da idona, idan ciwon ya fara, sai ya cije leɓe ya ce, "Bari in ba shanuna ruwa." Ya yi ta dannawa, gumi na tsattsafo masa, har maganin da aka ba shi ya fara aiki. Na gani, amma ban fahimci abin da nake gani ba.

Wata Juma'a mahaifinsa ya zo gida, muna zaune a zaure tare da maƙwabcina, malamin firamare. Sai ya ɗauki na'urar yana alfahari, ya ce ai fuska biyu gare ta. Ya danna wani wuri, wasanni suka ɓace, ta koma kwamfuta sak irin ta ofis. Ya haɗa ta da talabijin, ya jona mata kibod, allon maɓallan rubutu, ya rubuta sunan ƙauyenmu muna kallo.

Malamin ya girgiza kai. Ya ce, "Ni dai a ganina abin wasa a bar shi abin wasa. Cire ta daga talabijin ka gani, rubutun kamar tururuwa, ga shan caji."

Ɗana ya ce, "Haba Malam, abu ɗaya aiki biyu. Ai saboda wannan na zaɓe ta a kan waɗanda wasa kawai suka iya."

Suka yi ta musu, ni ina sauraro. Amma daga wannan ranar, a cikin zuciyata, na'urar ta tashi daga hannun yaro ta shiga kayan gandu. Tunanina shi ne, saniyar da ta iya huɗa ba a barin ta tana kiwo.

A shekarar ne yayar yaron za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi, ita kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, tsoro ya hana ta sakat. Sai na yanke hukunci ba tare da na shawarci kowa ba: a ba ta na'urar ta yi ta gwaji har jarrabawa ta wuce.

Da na karɓa a hannunsa, ya ɗago kai ya ce, "Tsoho, gonata fa?"

Na ce, "Gona ba ta gudu, Sarkin Noma. Za ka dawo ka same ta."

Ranar kasuwa na tafi da yarinyar shagon wani saurayi mai aikin kwamfuta a cikin gari, domin ya sa mata tambayoyin gwaji. Ya juya na'urar zuwa fuskar kwamfuta, ya duba, ya ce cikinta ya cika, babu wurin sa komai.

Na ce, "Me ya cika ta?"

"Wasanni ne, Baba."

"To share su mana."

Ya ɗan dakata. Ya ce, "Duka? Akwai wanda da alama an daɗe ana yin sa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, da an bari an tambaye shi."

Na ce mata, "Karatunki za a ajiye a je neman iznin yaro a kan wasa?" Na juya ga saurayin na ce ya share. Bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba ya gama. Na fito daga shagon ina jin na yi abin da mai gida ya kamata ya yi.

Ba a jima ba aka yi wani ruwa mai iska da safe, ya tarar da yaron a hanyar Islamiyya. Kafin azahar muna asibiti da shi. Ana ta neman jijiya a hannunsa, ya ce a kawo masa na'urarsa. Yayarsa ta dube ni, na kau da kai. Ta koma gida ta ɗauko.

Ya karɓa, ya mayar da ita fuskar wasa, ya duba sama ya duba ƙasa. Sannan ya ce, "Kaka, ina gonar?"

Tunda ya iya magana bai taɓa kirana Kaka ba sai ranar.

Na ce masa babansa zai mayar. Mahaifin ya baro shagonsa ya zo, ya sake sa wasan, amma abin da ya fito fili ne fetal, ciyawa da duwatsu, babu kaza ko ɗaya. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, da ana haɗa ta da intanet da an sami ajiyar gonar a can. A gida ba a taɓa haɗa ta ba. Ta tafi ke nan." Yaron ya kifa na'urar a gefen gado, ya juya fuskarsa bango. Ihun da ya yi a yinin nan na daɗe ban ji irinsa daga bakinsa ba, ba shi da abin da zai riƙe sai ƙarfen gado.

Matata ba mai yawan magana ba ce. A barandar asibitin ta ce da ni, "Malam, tun da na zo gidanka ban taɓa ganin ka karya zangarniya ɗaya a gayaunar wani ba, ko a shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin shuka. Shi wannan ita kaɗai ce tasa." 

Allah Ya tashi kafaɗarsa, muka dawo gida. Yayarsa ta ci jarrabawa, kuma ta faɗa da bakinta cewa gwajin ne ya cire mata tsoro. Saboda haka ba zan ce fuskar kwamfutar nan ba ta da amfani ba, ɗana yana da gaskiyarsa. Amma idan yau aka sake wancan musu a zaurena, zan faɗa musu abin da su biyun ba su hango ba: muddin wasa kawai ta iya, babu babban da ya kula da ita, tana hannun mai ita lafiya. Ranar da aka nuna mana ta iya aikin manya, ranar muka fara ganin yaron kamar mai ɓarnar kayan aiki.

Na same shi shi kaɗai a zaure na roƙe shi gafara, abin da ban taɓa yi wa ƙaramin yaro ba. Ya ce, "Ba komai, Kaka." Cikin ladabi ya faɗa, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Bai sake taɓa na'urar ba, yayarsa ce ta tafi da ita makaranta. Yanzu ya zama saurayi, yana gaishe ni a durƙushe safe da yamma, mutane na yaba tarbiyyarsa, ni kuwa da zan samu ya sake yi mini tsiya sau ɗaya da na fi so.

Abin da na koya, bayan gemu ya riga ya yi fari, shi ne girma ba ya ba mutum ikon auna amfanin abin da ke hannun wani da mudunsa. Yanzu idan na ga abu a hannun yaro ko babba, kafin in tambayi me abin zai iya yi wa gida, sai in fara tambayar me yake yi wa mai shi. Allah Ya yafe mana abin da muka ɓata muna zaton gyara muke yi.