Kada a Raba Su: Ta'aziyyar Idirisa Tanimu

Na Allah ne mu, kuma makomarmu gare Shi take. Ranar Laraba, 15 ga watan Maris 1995, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Idirisa Tanimu, injiniyan noman rani a Jiratawa, a wata likita, wato asibiti, ta cikin garin Maraɗi. Sanƙarau ne ajalinsa, cutar da ta shiga gidaje da yawa a bana. Ya bar matarsa Safiyatu da ƴaƴa biyu, Tahira mai shekara goma sha uku da Nabil mai shekara goma. An yi masa sutura kafin magariba.

Zan faɗi abin da na gani, ba tare da ƙari ba. Ni kaɗai ne a bakin gadonsa a lokacin, domin Safiyatu ta tafi sayen magani. Wuyansa ya sandare tun da safe, zazzaɓi kuma yana ɗauke hankalinsa yana maido shi. Ya buɗe ido ya gane ni, shaida kuwa ita ce ya kira ni Mushe, laƙabin malamin boko a nan ƙasar, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce: "Kada a raba su." Na tambaye shi su wa yake nufi, bai amsa ba. Na karanta masa kalmar shahada, leɓɓansa suka bi nawa. Daga nan bai sake magana ba.

Idirisa, tun muna ɗalibai a jami'ar Yamai kake yi mini ba'a cewa ina auna magana kamar mai auna magani. Ga shi ka tafi ka bar mini maganar da na kasa aunawa, alhali zaman ƴaƴanka a gida ɗaya a kanta ya rataya. Dole in koma baya in yi bayani, saboda waɗanda ba su san gidanka ba.

A shekarar zaɓen farko bayan babban taron ƙasa, lakwal, wato makarantar boko, ta fi daɗewa a rufe bisa a buɗe. Mu malamai muna yajin aiki, ɗalibai su ma suna nasu. Wata rana kana dawowa daga Jiratawa a kan babur, ka tarar da Nabil a bayan manyan yara inda ake ƙona taya a kan titi, da dutse a hannunsa. Ka tambaye shi wa zai jefa, ya ce bai sani ba tukuna. Ba ka dake shi ba. Ka ɗora shi a babur ka kai shi gida, washegari kuma ka zo ka ja ni zuwa shagon wani mai kawo kaya daga Katsina, a Sabon Gari, ka ce in zo in yi maka shaida.

Abin da ka je saya na'urar wasa ce, irin wadda ake haɗawa da tele, a sa mata kaset, a riƙa sarrafa ƴan mutanen da ke motsi a fuskar telen da wani abin hannu mai maɓallai da yara ke ce wa manet. Iri biyu ne a shagon. Akwai baƙa, sabuwar yayi, mai kyan hoto da amo, amma kaset ɗinta kaɗan ne kuma daga nesa suke zuwa. Akwai tsohuwa mai launin toka, wadda yayinta ya fara wucewa, kaset ɗinta kuwa sun cika kasuwar Katsina da ta Jibiya, kuma duk mai gyaran rediyo yana iya buɗe cikinta. Mai shagon yana yabon baƙar, ni ma na goyi bayansa, domin a ganina sabon abu ya fi jimawa.

Ka shafe yammacin kana tambaya kamar mai sayen injin ban ruwa, sai dai ba hoto ko amo ne damuwarka ba. Ka sa aka gwada maka wasannin da suka zo da baƙar, ka ga mutum biyu ne ake haɗawa su yi ta naushin juna har ɗaya ya faɗi. Ka sa aka gwada na tsohuwar, sai ga wani wanda mutum biyu ke tafiya hanya guda, idan ɗaya ya yi gaba da yawa dole ya jira ɗan'uwansa. Nan ka tsaya. Ka ce mini, "Mushe, faɗa akwai shi kyauta a titi. Ni abin da babu na zo saya."

Da muka haɗa ta a gidanka, hoton ya fito ba launi, fari da baƙi kawai. An yi na'urar ne domin irin telen Najeriya, taka kuwa irin tamu ce ta nan. Na ce a mayar, ko a canza tele. Ka yi dariya ka ce a garin da launin hular mutum ya isa ya hana shi gaisuwa, ba laifi a sami ɗaki ɗaya da babu launin kowace jam'iyya. Haka ta zauna har yau. Ƴaƴan maƙwabta da iyayensu suka daina zama tabarma ɗaya saboda siyasa, a ɗakin nan suke layi suna jiran manet.

Daga nan ka shiga tara kaset. Rubutun jikinsu na Japan ne ko na Sin, hoton da aka manna kuma sau da yawa ba shi ne wasan da ke ciki ba, saboda haka ba ka karɓar ko ɗaya sai an gwada. Idan na mutum ɗaya ne, ko na masu dukan juna, kakan mayar, komai kyansa. Bayan faɗuwar darajar sefa, lokacin da albashi ma ba ya zuwa a kan kari, da albasar gonarka ta Jiratawa kake musaya da wani direban hanyar Katsina. Ka riƙa sayen matattun na'urori irin taka kana ajiyewa, wai don ranar da taka za ta buƙaci kayan gyara. Manyan mutane sun yi maka tsegumi, suna cewa injiniya guda ya koma tara kayan wasan yara. Abin da na sani shi ne, Nabil bai sake zuwa wurin ƙona taya ba, shi da Tahira kuwa, da ba sa iya cin abinci a kwano ɗaya ba tare da kuka ba, na gan su kafaɗa da kafaɗa, tana ce masa ya jira ta, yana jira.

Ga kuma inda wahalata take. Duk wanda ya zo aron kaset ɗaya, kakan hana shi. Ko ya ɗauki na'urar da kaset ɗinta da manet ɗinta gaba ɗaya, ko ya zauna ya yi wasan a gidanka. Kalmarka a kullum ita ce, kada a raba su. Na ji ta a bakinka sau da yawa a kan waɗannan kaya. Amma kuma na san abin da ka taɓa gaya mini sau ɗaya tak: da mahaifinku ya rasu, wani kawunka ya ɗauko ka zuwa Maraɗi ya sa ka lakwal, aka bar wanka Ilyasu a Tibiri, kuma tun daga lokacin kuke gaisawa kamar surukai.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna a zauren gidanka. Alhaji Ilyasu ya yi magana da natsuwa, kuma ban ga mugunta a cikinta ba. Ya ce Safiyatu yarinya ce, wata rana za ta yi aure. Tahira ta zauna da uwarta, shi kuma zai tafi da Nabil Tibiri ya riƙe shi cikin ƴaƴansa, kamar yadda aka saba yi. Kaset ɗin kuma, ya ce a kai su wurin masu ɗaukar murya a goge abin da ke kai, a ɗauki wa'azi a raba sadaka, ladan ya kai maka. Na yi masa bayani cewa suna ne kawai ya haɗa su da kaset ɗin rediyo, babu zare a cikinsu, ba sa goguwa. Sai limamin unguwa, wanda na riga na gaya wa abin da na ji a likita, ya ce in maimaita a gaban jama'a. Na maimaita.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Mushe Zakariya'u, tsakaninka da Allah, ɗiyan yake nufi ko kayan wasan?"

Na san amsar da za ta hutar da Safiyatu, wadda ke saurare daga bayan ƙofa. Amma ba ni da ita. Na ce ban sani ba. Na faɗi cewa kalmar taka ce a kan kayan, na kuma faɗi abin da ka gaya mini game da yarintarku. Alhaji ya ce ai wannan rabuwar ce ta yi ka injiniya, shi kuma ta bar shi da buhunan gero, to wa aka cuta? Ya ce idan kayan ne, wasiyya ta yi sauƙi: ba za a raba su ba, duka su zauna wurin Tahira.

Liman ya ce maganar mamaci idan ta ɗauki ma'ana biyu, kuma riƙe duka biyun ba ya cutar da kowa, to a riƙe duka biyun. Sai Alhaji ya sa aka kira Tahira, ta durƙusa a bakin zaure, ya tambaye ta ko mutum ɗaya yana iya yin wasan shi kaɗai.

Ta ce, "Ana iyawa, Baba Alhaji. Sai dai ba a kaiwa ƙarshe."

Ya sunkuyar da kai, ya share fuskarsa da bakin rawaninsa, ya ce, "A bar su." A kan haka aka yi fatiha aka tashi. Yau yaran suna gida ɗaya a Sabon Gari.

Idirisa, ban iya yi maka shaidar da ban gani ba, ko da don ƴaƴanka ne, kuma ban sani ba ko za ka yaba mini ko za ka zarge ni. Shaidar da nake da ita ita ce wannan: ka raba ruwa tsakanin manoman Jiratawa shekara da shekaru ba a taɓa kama ka da son kai ba, kuma a lokacin da gari ya rabu, ka nemi abin da zai zaunar da yara biyu wuri ɗaya, ka same shi a inda mu masu ganin kanmu manya ba mu duba ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Safiyatu, da Tahira da Nabil, da Alhaji Ilyasu da dukan dangi na Tibiri, da abokan aikinsa na Jiratawa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya marayun, Ya ɗauke mana wannan annoba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Zakariya'u Ɗan'auta
Malamin tarihi, Maraɗi

Gyara: na rubuta cewa Alhaji Ilyasu ya ce, "A bar su." Iyakar abin da kunnena ya ji ke nan. Da na karanta wa Safiyatu wannan rubutu, ta ce ta fi ni kusa da shi a ranar, kuma ya ƙarasa maganar a hankali. Cewa ya yi, "A bar su, har ta fita takaba."