Sau Ɗaya Aka Tambayi Hamajoɗa

Malam Hamajoɗa ya yi shekara da shekaru yana koyar da kwamfuta a makarantarmu da ke Jimeta, alhali makarantar ba ta mallaki kwamfuta ko ɗaya ba. Da alli yake zana madannai a allo, kowane harafi a gidansa, yara su kwafa a kwali su ɗora a cinya. In ya ce "Ku danna," sai ka ji aji ya ɗauki ƙwas-ƙwas na yatsu a kan kwali. Kuma yaran suna cin jarrabawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, domin tunda suna ci babu mai ganin an rasa wani abu.

Ni Edith, lissafi nake koyarwa, teburina yana manne da nasa a ɗakin malamai. Adda yake ce mini, wato yaya da Fulatanci, ni kuma ina ce masa Hama. 'Yar Ganye ce ni, kuma a gidanmu in an ce ka zo ka ci, wanke hannu kawai ake yi. Ranar da na fara yi masa tayin doya da ƙwai, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi, Adda." Na cinye abina tas yana kallon taga. Sai da zango ya kusa ƙarewa na gane bawan Allah da yunwa yake wuni.

A tsohon garin Yola aka haife shi, kuma Dadarsa, mahaifiyarsa ke nan, ita ta yi masa wannan tarbiyya. Ya ce yana ƙarami aka kira shi cin abinci a maƙwabta, ya zauna ya ci tun a kiran farko, labari ya riga shi isa gida. Dada ta murɗe masa kunne ta ce tayin farko gaisuwa ce, na biyu gwaji ne, na uku shi ne na gaskiya, kuma ɗan mutunci ba ya miƙa hannu kafin na uku. Kunnen ya warke, amma maganar ta zauna. Ni dai na sha gaya masa ranar da wannan kunyar za ta kashe shi ba zan zo gaisuwa ba.

Burinsa guda ne, bai kuma taɓa faɗinsa da ƙarfi ba: ya ajiye alli, ya ƙera manhaja da hannunsa, ya gan ta tana motsi a waya. Sai ga wata ƙungiya ta buɗe horo a unguwar Bekaji kan ƙera manhajar waya. Duk wanda ya nuna tasa tana aiki a ƙarshe, za a haɗa shi da kamfani. Akwai iyakar shekaru, Hama kuwa yana bakin gaɓa, in bana ta wuce shi ke nan. Aka ɗauke shi. Ranar har rera waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, da na juyo ya mayar da ita tari.

Laftof ɗinsa ta hannu ce, ƙanin matarsa ya gaji da ita ya ba shi. Mai koyar da su wani saurayi ne, Danny, daga Legas aka kawo shi, yana magana kamar ana korarsa. Abin da ya faru a ranar farko ban ji shi ba sai da bakin alƙalami ya bushe, amma ga yadda aka yi. Danny ya bi layi yana duba na'urar kowa, ya tsaya a kan ta Hama ya ce, "Oga, wannan zai ɗauki aikin kuwa? Akwai na aro a ofis, in kana so."

Hama ya miƙe tsaye ya ce, "Na gode ƙwarai, tawa tana aiki." Ya zauna yana jiran tayi na biyu.

Danny ya ce, "To, madalla," ya wuce gaba.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhaja, sai an girka kayan aikin a na'ura, kamar yadda tela ke kafa keke kafin ya karɓi ɗinki. A nan Hama ya maƙale. Girkawar ta cinye masa data ta gama lafiya. Amma da zarar ya danna a harhaɗa aikin gwaji, sai fankar laftof ta hau kuka, layin da ke nuna ci gaba ya ja jiki ya kai rabi, sai jan rubutu ya fito: ƙwaƙwalwar aiki ta ƙare. Ram ake ce mata, nan ne na'ura ke baza abin da take aiki a kai, kuma tasa 'yar mitsitsiya ce.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba, a gabana ya yi ta fama a lokacin hutun tara. Ya rufe duk wani abu da ke buɗe. Ya goge hotunan bikin ƙanin matarsa, sannan ya tuna da bakinsa yake koya wa yara cewa ma'ajiya daban, ram daban, ya yi tsaki. Ya shiga saiti ya ƙara wa mai harhaɗawar kason ram, sai na'urar ta sandare gaba ɗaya, ko kibiya ba ta motsi. Ya rage kason, jan rubutu ya dawo. Gajeren bargo ne, ka rufe kai ƙafa ta fito. Ya daina amfani da wayar gwaji ta cikin kwamfuta, ya jona tasa da igiya. Ya aro wa ram fili daga ma'ajiya, aikin ya koma tafiyar hawainiya, kafin ya kai ko'ina an ɗauke wuta, batirin kuwa dama sunansa gawa. Ga zafin Yola na bazara. Na taɓa shigowa na tarar ya ɗora laftof a kan bulo biyu yana yi mata fifita da mafici, shi kuwa gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

Na ce, "Hama, ka gaya wa malamin naku mana!"

Ya ce, "Jam, Adda. Lafiya lau, ƙaramin abu ne."

Na ja shi a keke napep zuwa wurin Apollos, mai gyara a kasuwa, ɗan cocinmu, ko zai ƙara mata ram. Apollos ya kwance bayanta, ya haska da fitilar waya, ya girgiza kai. "Madam, wannan ram nashi an liƙe shi da bod ne, wato allon cikin injin, babu wurin ƙari. No way. Oga ya nemi wani inji kawai." Hama ya yi masa godiya kamar wanda aka yi wa kyauta.

Duk da haka bai fasa zuwa Bekaji ba. Yana rubuta manhajarsa layi-layi, ta jadawalin darussan makarantarmu, bai taɓa ganin ta tashi ba ko sau ɗaya. In Danny ya ce "Kowa lafiya?" da shi ake amsawa.

Ranar nuni kowa ya ɗora wayarsa a tebur. Da aka zo kan Hama ya danna, fanka ta yi kukanta, jan rubutun ya fito a gaban kowa. Ba a sa shi cikin waɗanda suka wuce ba. Washegari ne, da na tsare shi a ɗakin malamai, ya ba ni labarin tayin ranar farko.

Raina ya ɓaci, na hau keke sai Bekaji. Na tarar da Danny yana haɗa kaya, horo ya ƙare. Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Sai ya buɗe kabad. Laftof ce sabuwa a ciki, ko ledarta ba a ɓare ba.

Ya ce, "Madam, shi na ajiye wa. Tun ranar farko na san injinsa ba zai kai ba. Amma ya ce a'a, ga shi ya girme ni. Na ga in na sake magana kamar na raina masa kaya ne. Ina ta jira ya zo."

Na rasa wanda zan zaga. Na tambaya ko za a sake ba shi dama, ya ce sunaye sun riga sun tafi, laftof ɗin ma za a mayar wa masu ita.

Da na gaya wa Hama, ya daɗe yana goge alli daga yatsunsa.

"Sau ɗaya ya tambaya, Adda."

"Kai kuma an ɗinke maka baki ne? Na'urar ma da ba ta da rai, da ta rasa abu faɗa take yi, da jan rubutu!"

"Ita ba Dada ce ta raine ta ba," in ji shi, yana ɗan murmushi. Ni kuwa kuka ne ya taso mini, na fita waje.

Shekarunsa sun haura iyaka yanzu. Laftof ɗin tana gida, matarsa na kallon wa'azi da ita. Jiya na wuce ta tagar ajinsa, ya zana madannai a allo, kyakkyawa kamar kullum, yara sun ɗora kwali a cinya. Da muka haɗu a hutun tara na ce akwai wani horo da na ji labari a Kano, wai ba ruwansu da shekaru, ko in nemo masa bayani? Ya ce a'a. Na sake tambaya, ya ce a'a. Na tambaya na uku, na tsaya ina jira.

Ya ce, "A'a, Adda. Wannan ta gaskiya ce."